Farantin Inna a Gindin Kwami

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne ciyaman na wurin iyo ɗaya tilo da na sani a Minna a wancan zamani, kuma shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ganin ya tsoma ko babban yatsan ƙafarsa a ciki. Abokansa har tsiya suke masa. Sukan ce an naɗa matsoracin ruwa sarautar ruwa. Shi kuwa sai ya juyo da kansa gaba ɗaya, kamar yadda ya saba, ya dubi mai maganar da idonsa na dama, ya yi murmushi, ya ci gaba da abin da yake yi.

Ido ɗaya gare shi. Na hagun ya tafi tun yana yaro a ƙauyenmu. Mahaifiyata ta ce a lokacin duk cikin sa'o'insa babu mai kamo shi a ruwa. Wata bazara, da kududdufin bayan gari ya janye ya koma kore, suka shiga wasan nutso, ya dawo gida idanu jajur. Kafin a ankara sun kumbura sun rufe. Wata tsohuwa ta matsa masa ruwan wani ganye, da nufin alheri, sai abin ya ƙara lalacewa. Na dama ya buɗe bayan an sha wuya, na hagu kuwa hakiya ta rufe shi fari fat. Bai taɓa ɓoye shi da baƙin tabarau ba. Da wannan ido guda ya yi makaranta, da shi ya samu aikin malanta a ofishin kaya na tashar jirgin ƙasa, da shi yake ciyar da gida, har da ni da aka kawo masa riƙo jim kaɗan bayan samun mulkin kai. Kowa a gidan ya san darajar idon nan. Matarsa, wadda muke kira Inna, ko barkono za ta daka sai ta tabbata ba ya tsakar gida.

A unguwar Ketaren Gwari muke zaune. Duk ranar da na dawo daga yawo, kafin in kai ga randa zai kira ni, ya kama haɓata ya ɗaga fuskata wajen haske. In ya ga ja ko kaɗan a idona, tambayarsa ɗaya ce:

"Wane ruwa ka shiga?"

Ban taɓa yin nasarar yi masa ƙarya ba, ko da yake na gwada iyakar gwadawata.

Shi wurin iyon, Turawan reluwe ne suka gina shi a bayan kulob ɗinsu, ƙarƙashin wasu manyan itatuwan mangwaro. Mu kwami muke ce masa. Daga gefen tsani ruwan iya ƙirji ne, can ɗaya ƙarshen kuma ya shanye dogon mutum har da ɗaga hannu. Da Turawa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, sai kulob ya koma hannun ma'aikata 'yan ƙasa, kwami ya zama namu. Akwai injin da ke juya ruwan yana tace shi, amma makanikin da ya san kansa mutumin Gabas ne, kuma ya bar garin lokacin da ƙasa ta rikice. Bai daɗe da tafiya ba injin ya yi shiru. Ana cikin yaƙin basasa, wa zai saurari maganar kayan gyaran injin wanka? A nan ne aka ɗora wa Kawu ciyaman, ina jin don ba wanda ke so.

Ya riƙe abin nan kamar gonar gado. Da sassafe kafin ofis zai biya, ya sa a kwashe ganye da koma mai doguwar ƙota. In ruwa ya fara gurɓacewa ya sa a jiƙa alif a watsa, datti ya kwanta a ƙasa, a janye shi a hankali. Farar hodar nan mai kashe ƙwayoyin cuta, da gwangwanin madara yake aunawa da hannunsa, a dama a bokiti, a zuba da yamma bayan kowa ya fita, don ta kwana ta huce kafin jikin mutum ya taɓa ta. Ya ce in ta yi kaɗan ruwa ya ruɓe, in ta yi yawa ta ci ido, to wanne aka yi? Ba mai shiga sai ya tsaya ƙarƙashin famfo ya wanke jiki da ƙafa. Mai jan ido kuwa, ko ɗan wane ne, sai dai ya zauna a benci ya yi kallo. Na ga ya mayar da ɗan shugabansa na ofis, yaron yana kuka, uban yana tsaye.

Amma abin da garin ya san shi da shi, farantin ne.

Wani farin faranti ne mai jan baki, daga cikin kayan jeren Inna. Kullum zai zo da shi a jakarsa, ya tsaya a bakin wuri mai zurfi, ya sake shi a ruwa. Faranti ya yi ta lilo yana sauka har ya zauna a gindi. Sai Kawu ya karkata kai ya duba. In ya ga farin sarai, har da jan bakin, sai ya ɗaga hannu, mu kuma da muka yi layi muna rawar jiki mu faɗa. In bai ga jan bakin ba, ranar ba wanka, ko da kuwa zafin Minna zai narka mutum. Wanda ya fi kowa nutso shi ke ɗauko farantin, kuma ba yabon kai ba, yawanci ni ne.

Inna ba ta taɓa yafe wannan abu ba. Ta ce duk kwanukan gidan nan bai ga na ɗauka ba sai na jerenta, wanda gwaggonta ta sayo mata tun daga Bida.

"Malam, ga murfin tukunya nan, ga tsohuwar tasa. Su ba sa nutsewa ne?"

"Ba su kai shi fari ba."

"To in ya ɓare fa?"

"Sai in ɗauki ɗan'uwansa."

Ta ɓoye shi a ƙarƙashin gado, ta ɓoye shi a buhun dawa, har gidan maƙwabta ta taɓa kai shi ajiya. Da safe sai ka gan shi a jakar Kawu. Har yau ina zargin ita ma wasan yana mata daɗi.

A wannan kwami na zama mutum. A lokacin da nake ba da labarinsa na haura ashirin, ina koyon aiki a loko, inda ake gyaran kan jirgi, hannuna kullum baƙi da mai, kuma ba abin da nake taƙama da shi a duniya sai iyo. Saboda haka da sakataren kulob ya zo da labarin cewa 'yan iyon Kaduna sun yarda za su zo mu kara, har da kofi, na kasa cin abinci don murna. Yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, mutane na neman abin da zai sa su tafi. Sakataren nan mutumin kudancin Zariya ne, shi ke koyar da waƙa a cocinsu, aminin Kawu ne na ƙut da ƙut, tare suke cin goro tare suke faɗa. Shi ya yi ta zirga-zirga a jirgi har abin ya tabbata. Aka gayyaci manyan gari, aka aro kujeru daga makaranta, matan ma'aikata suka ɗauki nauyin girki.

Sai dai an sa ranar a ƙarshen bazara. Ana saura 'yan kwanaki aka tura Kawu aiki Baro. Yana tafiya aka yi ruwan farko, irin mai zuwa da guguwa, ya kwaso jar ƙasa da ganyen mangwaro da ruɓaɓɓun 'ya'yansa ya juye a kwami. Kwaɗi suka yi sallama. Bayan nan rana ta buɗe da ƙarfinta. Kafin ka ce me, ruwa ya koma kore, gansakuka ta kama bango. Ga shi ba halin a zubar a sake, don ruwan dam ɗin Bosso, wanda gari ke sha, ya ja baya, famfon unguwa ma sai an yi sa'a, kuma an riga an gaya wa kulob cewa ba za a ƙara ba shi ko ɗigo ba sai damina ta zauna. In aka zubar da wannan, gasa ta tashi.

Ranar gasar na iso da hantsi, ina tsammanin in tarar da miyar kuka. Sai na tsaya turus. Ruwa ya zama shuɗi. Shuɗi mai kyau, irin wanda muke gani a hotunan kalanda. Mutane sun kewaye suna ta salati da tafi. Sakatare yana tsaye ƙirji a gaba, idanunsa sun kaɗa, tafin hannunsa ya yi ja ya saluɓe, amma bakinsa har kunne.

Ashe jiya da yamma ya juye duk hodar da ta rage a sito, wadda Kawu ke lallaɓawa da gwangwanin madara. Koren ya mutu, amma ruwan ya koma fari-fari kamar tsarin shinkafa. Yana cikin tunani sai dabarar matarsa ta faɗo masa. In farin kaya ya dafe, me ake yi masa? A sa masa bula. Ya aika kasuwa aka kwaso masa duk bular wanki da aka samu, aka dama a bokitai aka zuba. Ni dai a lokacin na ga ƙoƙarinsa, har rungume shi na yi. Warin hodar yana dukan hanci tun daga ƙofa, idona ya fara ƙaiƙayi ina tsaye a baki, amma na ce wa kaina iskar bazara ce.

'Yan Kaduna sun sauka a jirgin safe, kuma a jirgin da ya biyo baya Kawu ya dawo. Ko gida bai je ba. Ya shigo da jakarsa a hammata, babbar rigarsa duk ƙurar hanya, ya gaisa da baƙi ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, sannan ya nufi wuri mai zurfi. Na ga hancinsa ya motsa. Ya buɗe jaka, ashe har Baro ya tafi da farantin, ya sunkuya ya sake shi.

Farantin bai yi nisan kamu ɗaya ba ya ɓace.

Kawu ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe sai ya ce, ba da ƙarfi ba, "Yau ba wanka."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Sakatare ya matso yana share gumi.

"Ciyaman, don Allah. Ka duba ruwa mana, ya yi kyau. Magani ya kashe komai, babu cuta a ciki ko daya."

"Na yarda ya kashe komai. Nuna mini hannunka."

Sakatare ya mayar da hannuwansa baya.

"Abin da ya yi wa tafin hannu haka, me zai yi wa ido? Kuma in yaro ya nutse a can ƙasa, wa zai gan shi?"

"Yau kadai, Ciyaman. Mutane sun zo daga nesa. Ka rufa mini asiri."

Maganar nan ta taɓa Kawu, na gani a fuskarsa, don ba ƙaramin so yake wa mutumin nan ba. Sauran 'yan kwamiti suka taso. Wani ya ce ai jan ido na kwana biyu ba ya kisa. Wani ya ce a jefa ƙuri'a. Wani kuma, daga baya inda ba a ganinsa sosai, ya ce mutumin da bai taɓa shiga ruwa ba ina ya san ruwa. Babban baƙo ya duba agogo. Mu 'yan iyo muna tsaye cikin gajerun wanduna, kuma in faɗi gaskiya zuciyata tana wajen kofin nan da aka ɗora a tebur yana ƙyalli. Aka ɗaga hannuwa. Aka kayar da Kawu, ba ma kusa ba.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, shi ke nan. Kun fi ni yawa. Amma al'adar wurin nan, ba a fara wanka sai an ɗauko faranti. Yau ni zan ɗauko."

Ya cire hularsa ya miƙa mini. Ya tuɓe babbar riga ya ninke, ya cire 'yar ciki, ya ajiye takalma gefe guda a jere. Ban taɓa ganin kafaɗunsa a waje ba sai ran nan, faffaɗa ne, irin na wanda ya tashi a cikin ruwa. Ya nufi tsani.

"Ba a ganin gindin, saboda haka sai na buɗe ido a ciki, kamar yadda yaran nan za su buɗe nasu. In na fito lafiya, Sakatare, ka busa usur."

Da farko wasu sun yi dariya, sun ɗauka barazana ce. Ya taka matakin farko. Ya taka na biyu. Shuɗin ruwan ya kama wandonsa, ya hau gwiwa, ya hau ƙugu. Dariya ta ɗauke. Ni na san Kawu, ban taɓa jin ya faɗi abin da ba zai yi ba, kuma na san abin da ke cikin ruwan nan, don idona yana hawaye tun ban taɓa shi ba. Ido ɗaya. Da shi yake karanta takardun kaya, da shi yake gane fuskar 'ya'yansa. Hular ta faɗi daga hannuna. Na tsaya ina kallo, ban taɓa jin tsoro irin na ran nan ba. Ruwa ya kai masa ƙirji. Ya saki tsani, ya ja dogon numfashi.

Sai muka ji murya daga rumfar girki.

"Malam! Na yafe farantin!"

Inna ce. Ta taho a guje da muciya a hannu, mayafi ya zame, matar da ko ƙofar gida ba ta ɗaga murya. Ta ratsa manyan gari kamar ba ta gan su ba.

"Na yafe shi duniya da lahira! Ka bar shi ya ruɓe a can! Ku kuma kuna tsaye kuna kallo? In idon nan ya tafi, cikinku wa zai ba shi nasa?"

Sakatare ne ya fara motsi. Da takalmansa da farin wandonsa na zuwa coci ya faɗa ruwan, ya rungumo Kawu ta baya, ya tallafe haɓarsa sama da hannun nan nasa da ya saluɓe, yana kuka kamar yaro.

"Ciyaman, kar ka sa fuska. Na roke ka, kar ka sa fuska. Mama, ka yi hakuri, laifina ne. A zubar! A zubar da shi duka!"

Sai a lokacin na ruga bakin kwamin. Na kama hannun Kawu muka jawo shi waje, na kai shi famfo, Inna tana zuba masa ruwa a fuska da tafin hannunta duk da cewa ko ɗigon ruwan kwamin bai taɓa fuskar ba, tana yi tana masa faɗa ƙasa-ƙasa. Shi kuwa cewa yake a duba hannun Sakatare, a kai shi asibiti.

Sakatare da kansa ya murɗe bututun zubar da ruwan kafin ya tafi asibiti. Ruwan ya bi lambatu ya gangara, shuɗi shar, yaran unguwa suna binsa da ihu. 'Yan Kaduna suka ci shinkafar da aka dafa, aka haɗa ƙwallon ƙafa a filin loko don kada zuwansu ya tashi a banza, suka lallasa mu, suka koma da kofinsu. Da ruwa ya ƙare aka ga farantin a gindi, a kife, ya rine. Ni na sauka ta tsani na ɗauko shi, a ƙafa, ba nutso.

Ba zan ce ban ji ciwo ba. Na ji, har na kwana biyu ba na iya haɗa ido da kowa. Gasar ba a sake shirya ta ba, shekara ta zagayo aka mayar da ni Kafanchan, kuma ban taɓa riƙe kofin iyo a hannuna ba har yau da furfura ta cika mini kai. Mutane kuma ba su yafe wa Kawu kunyar da suka sha gaban baƙi ba. Da aka zo zaɓe suka sauke shi. Sakatare kaɗai ya ɗaga masa hannu, da bandejinsa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne washegarin zaɓen. Damina ta zauna, an sake cika kwami. Da asuba na ga Inna a bakin murhu tana goge farantin da toka. Shuɗin bai fita duka ba, ya maƙale a inda farantin ya ɗan ɓare. Ta ɗauraye shi, ta share da gefen zaninta, ta buɗe jakar Kawu ta sa da hannunta.

Kawu ya ce, "Ai an sauke ni."

Ta ce, "Su suka sauke ka. Yaran mutane fa?"

Ya tafi. Ba shi da sarauta, ba shi da mabuɗin sito, ya tsaya a bakin wuri mai zurfi ya saki farantinsa. Sabon ciyaman yana gefe yana kallon sama. Mu kuma muka yi layi, ba wanda ya ce mu yi, ba wanda ya tsoma ƙafa sai da Kawu ya karkata kai ya duba, ya ɗaga hannu. Haka aka ci gaba har kwamin ya tsage bayan wasu shekaru aka rufe shi. Ko a shekarar da ciwon idon nan da ake kira afolo ya game gari, shi ya tsaya a ƙofa yana ɗaga haɓar yara ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da masu ja gida.

Na yi iyo a wurare da yawa bayan nan, har da masu injin da ba ya mutuwa. Ban taɓa shiga ba sai na tsaya na nemi gindin da idona, 'ya'yana suna mini dariya. Ban kuma sake ganin mutumin da ya ɗauki abu ɗaya tak da ya rage masa ya ajiye a gaban jama'a saboda idon 'ya'yan wasu ba.

Idon nan bai bar shi ba har ƙarshe. Ya tsufa ƙwarai, kunne ya yi nauyi, ƙafa ta ƙi, amma yana zura wa Inna zare a allura. Da aka aiko mini cewa jikin ya yi tsanani, na taho Minna, na tsaya a zaure na yi kukana na gama, na wanke fuska, sannan na shiga da sallama ina murmushi. Yana kwance ya ba ƙofa baya. Ya juyo da kansa gaba ɗaya a hankali, ya yafito ni. Na durƙusa. Ya miƙo hannu, ya kama haɓata, ya ɗaga fuskata wajen hasken taga, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Wane ruwa ka shiga?"